Kafin Ka Sayi Hannun Jarin Kamfanin Haƙar Mai, Tambayi Bashinsa

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina ya aiko mini da saƙo yana neman shawara. Ya ce ya ɗan tara wasu kuɗi, kuma ta wata manhaja da ke wayarsa yana iya sayen hannun jarin kamfanonin da ke kasuwar New York daga inda yake zaune. Idonsa ya faɗa kan wani kamfanin haƙar mai a teku wanda farashin hannun jarinsa ya faɗi warwas, shi kuma yana ganin garaɓasa ce ta samu. Hujjojinsa biyu ne: duniya ba ta daina shan mai ba, kuma kamfanin yana da jiragen haƙa na biliyoyin daloli. Na tambaye shi nawa ake bin kamfanin, kuma yaushe ne wa'adin biya. Ya ce wannan kam bai duba ba. Amsar da na ba shi a gajarce ita nake so in faɗaɗa a wannan mako, domin na lura matasanmu da dama sun shiga wannan kasuwa da kuɗin guminsu, wasu ma da kuɗin aure ko na hayar gida, alhali abin da ya fi kashe irin waɗannan kamfanoni shi ne abin da ba su dubawa.

Da farko ya kamata mu bambance kamfanoni iri biyu da mutane kan haɗa wuri guda. Akwai kamfanin da ke da lasisin rijiya, wanda man da aka haƙo nasa ne, kamar Shell ko Chevron ko Total. Akwai kuma kamfanin da sana'arsa haƙa ce kawai. Shi ba shi da ko ganga ɗaya ta mai. Abin da ya mallaka shi ne jirage da na'urorin haƙa, yana ba da hayarsu tare da ma'aikata, ana biyan sa kuɗin yini. Misalinsa a wurinmu shi ne mai motar haƙa rijiyar burtsatse: ruwan da ya fito na mai gida ne, shi ladan aikinsa kawai zai karɓa ya ƙara gaba. Idan gari ya yi albarka kowa yana gini, sai an yi masa layi, shi ke yanka farashi. Idan aka shiga matsi, aikin da ake fara ɗagawa shi ne sabuwar rijiya, motar ta zauna a gareji tana tsatsa. In kuwa da bashin banki ya sayo ta, banki ba ruwansa da zamanta, ƙarshen wata zai aiko.

Haka abin yake a teku, sai dai kuɗin ya ninka ba adadi. Jirgin haƙa na zamani, irin wanda ke aiki a ruwa mai zurfin mita 2,000 ko 3,000, a shekarun da ake rububinsa yakan ci dala miliyan 600 ko fiye, kuma akasari a Koriya ta Kudu ake ƙera shi, a masana'antun Samsung da Daewoo da Hyundai. Ƙirar takan ɗauki shekara biyu zuwa uku. Mai saye yakan ba da kafin alƙalami, sauran kuɗin sai ranar karɓa. Ma'ana, kamfani yana yin oda ne bisa farashin man yau, ya karɓi jirgin a kasuwar da bai san yadda za ta kasance ba.

Babu labarin da ya fi fito da wannan fili kamar na kamfanin Seadrill. Attajirin nan haifaffen ƙasar Norwe, John Fredriksen, wanda ya yi suna da jiragen dakon mai, shi ya kafa shi a 2005, aka yi masa rajista a tsibirin Bermuda. Cikin shekaru ƙalilan ya shiga sahun manyan masu haƙa a teku na duniya. Jiragensa sababbi ne, abokan cinikinsa manya ne, har a ruwan Nijeriya ya yi aiki, domin jirginsa mai suna West Jupiter shi ya haƙa wa Total rijiyoyi a filin Egina. Tsarin kamfanin a bayyane yake: a ci bashi a sayo jirgi, a ba da shi haya, a raba wa masu hannun jari kusan duk ribar da ta shigo, a sake cin wani bashin a yi odar wani jirgin. A 2014 yana raba dala ɗaya a kan kowane hannun jari duk wata uku. Masu zuba jari, musamman 'yan fansho a Amurka da Turai masu neman abin da zai riƙa ɗigo musu, suka yi ta saye. A lokacin hayar babban jirgi tana kaiwa dala dubu 600 a yini, gangar ɗanyen mai kuma ta shafe shekara uku tana sama da dala 100. Bashin kamfanin ya haura dala biliyan 10 nesa ba kusa ba, amma ba wanda ya ɗaga hankalinsa.

A watan Yunin 2014 gangar mai samfurin Brent ta kai kusan dala 115. Daga nan ta fara gangarowa. Babban dalili shi ne man da Amurka ta koyi tatsowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, wanda ya ɗaga abin da take haƙowa daga kimanin ganga miliyan 5 a rana a 2008 zuwa sama da miliyan 9 a 2015. A ƙarshen Nuwamban 2014 ƙungiyar OPEC ta zauna a Vienna ta ƙi rage haƙa, bisa jagorancin Saudiyya. Kwana ɗaya kafin wannan zama Seadrill ya sanar da dakatar da rabon riba, hannun jarinsa ya zubar da kusan kashi ɗaya bisa biyar na darajarsa a wuni guda. Zuwa Janairun 2016 ganga ta faɗo ƙasa da dala 30. Manyan kamfanonin mai suka soke sababbin ayyuka, hayar jirgi ta koma ƙasa da dala dubu 200 ga wanda ma ya sami aikin, ga kuma sababbin jiragen da aka yi oda tun lokacin daɗi suna ta fitowa daga Koriya suna ƙara cunkoso.

Domin mai karatu ya ga yadda lissafin ke juyewa, bari mu yi misali da alƙaluma na ƙiyasi. A ce jirgi ya ci dala miliyan 600, miliyan 450 daga ciki bashi ne, da kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100, za a biya uwar kuɗin cikin shekara goma. Kuɗin ruwan shekarar farko miliyan 27 ke nan, kason uwar kuɗi miliyan 45, jimla miliyan 72. A ce hayar yini dala dubu 550 ce, albashi da gyara da inshora suna cin dubu 180, saura dubu 370. In jirgin ya yi aiki kwana 340, ya kawo kusan miliyan 126. A biya banki 72, a sami rarar miliyan 54 ta rabawa. To, a sauke hayar zuwa dubu 200. Abin da zai rage a yini dubu 20 ne, a shekara bai kai miliyan 7 ba, wato kusan rubu'in kuɗin ruwa kawai, ba a ma zo maganar uwar kuɗi ba. In kuma jirgin ya rasa aiki, ajiye shi ma kuɗi ne, domin sai an bar masu gadi da injiniyoyi, an biya tashar da ya tsaya. Jirgin bai canza ba, ƙarfensa da injinsa suna nan lafiya. Abin da ke shigowa ne ya ragu, bashin kuwa yana nan yadda aka sa hannu a kansa.

A nan ne ya wajaba a rarrabe cututtuka biyu da kan yi kama da juna. Ta farko ita ce rashin kuɗi a hannu. Ɗan kasuwa a Dawanau yana da buhu dubu na masara a sito, wanda ya ba shi bashi ya zo yau, shi kuma bai sayar ba tukuna. Wannan in aka ɗaga masa ƙafa wata biyu zai biya har ya ci riba. Ta biyu ita ce karyewar jari: ko an sayar da masarar duka, da siton, da motar, kuɗin ba zai kai abin da ake bin sa ba. Shi wannan ƙarin lokaci ba ya warkar da shi, sai dai ya jinkirta ranar kunya. Shugabannin kamfanin da ya shiga uku kusan kullum cewa suke yi cutarsu ta farkon ce, kasuwa za ta farfaɗo, a dai yi haƙuri. Aikin mai zuba jari shi ne ya bincika da kansa ya gane wacce ce.

Abin da ke sa binciken ya yi wuya shi ne darajar da ake rubuta wa kadarori a littafin kamfani. Akanta yakan rubuta jirgi a kan kuɗin da aka saye shi, ya riƙa rage kaɗan duk shekara saboda tsufa. Kasuwa ba ta san wannan lissafi ba. Ita darajar jirgi a wurinta ita ce abin da zai iya kawowa nan gaba. A 2016 an yi gwanjon wani jirgin haƙa mai suna Cerrado, wanda aka ƙera a 2011, bayan kamfanin Birazil da ke riƙe da shi ya durƙushe. Kamfanin Ocean Rig ya saye shi a kan dala miliyan 65, kusan kashi ɗaya bisa goma na abin da ake ƙera irinsa. Duk wanda ya ga wannan ciniki ya kamata ya koma ya sake duba littafin kowane kamfanin haƙa, domin in jirgi ɗan shekara biyar haka kasuwa ta yi masa kuɗi, to biliyoyin da aka jera a shafin kadarori suna ne kawai. Shi kansa Ocean Rig da ya yi wannan sayayya mai araha, shekara guda bayan nan sai da ya zauna da masu bin sa bashi aka sake fasalin basussukansa.

Seadrill ya yi ta jan lokaci har zuwa Satumban 2017, sannan ya shigar da takarda a wata kotu a jihar Texas yana neman kariya daga masu bin sa bashi, ƙarƙashin babi na 11 na dokar fatarar kamfanoni ta Amurka. Wannan doka ba rufe kamfani take yi ba. Tana ba shi dama ya ci gaba da aiki yayin da ake zaman raba asara. Da aka tashi zaman a Yulin 2018, bankunan da ke da jinginar jirage, masu bin kimanin dala biliyan 5.7, sun yarda su ɗaga wa'adin biya da kusan shekara biyar. Masu takardun lamuni marasa jingina, da ke bin sama da biliyan 2, an mayar musu da bashinsu hannun jari. Fredriksen da wasu masu kuɗi suka zuba sabon jari na kusan biliyan ɗaya, suka karɓi kaso mafi tsoka. Tsofaffin masu hannun jari kuwa, waɗanda jiya su ne masu kamfanin baki ɗaya, aka bar musu kimanin kashi 2 cikin 100.

Mai lura zai ga cewa a wannan sulhu an yi wa cutar karyewar jari maganin rashin kuɗi a hannu. Bashin bankuna, wanda shi ne mafi nauyi, ba a yafe ko sisi ba, an dai tura shi gaba bisa fatan kasuwa za ta gyaru. Kafin ta gyaru annobar korona ta sauka. A ranar 20 ga Afrilun 2020 farashin man Amurka na kwangilar wata mai zuwa ya faɗi ƙasa da sifili, har mai kaya ne ke biyan wanda zai karɓa, saboda rashin wurin ajiya. A shekarar nan Diamond Offshore da Noble da Valaris da Pacific Drilling duk suka bi layin kotu. A Fabrairun 2021 Seadrill ya koma karo na biyu. Da ya fito a Fabrairun 2022, an share kusan dala biliyan 5 na bashi, bankuna suka zama masu kamfanin, masu hannun jari aka ba su kashi 0.25 cikin 100. Wanda ya saya a 2014, ya riƙe da haƙuri yana jiran farfaɗowa, an wanke shi sau biyu. Kamfanin yana nan da ransa har yau, jiragensa suna aiki, sunansa bai canza ba. Kuɗin mutanen farko ne dai suka tafi.

Wannan shi ne abin da ɗalibina bai gane ba, kuma shi ne zuciyar maganar. Idan kamfani ya gaza, akwai layin biya, kuma doka ce ta tsara shi. Masu jingina ne a gaba. Bayansu masu bin bashi ba jingina, da 'yan kwangila da masu kawo kaya. Mai hannun jari shi ne na ƙarshe, abin da ya rage bayan kowa ya ƙoshi shi ne nasa, in bai rage ba ya tashi hannu rabbana. Saboda haka cewa duniya ba za ta daina buƙatar mai ba gaskiya ce, amma ba ta amsa tambayar ba. Mai zai ci gaba da fita, jirgi zai ci gaba da haƙa. Tambayar ita ce, a hannun wa jirgin zai kasance ranar da kasuwa ta dawo? Hannun jarin da ya faɗo daga dala 40 zuwa dala 2 yana iya zama mai tsada a dala 2 ɗin, in dai bashin da ke gabansa a layi ya fi ƙarfin dukiyar.

To me mutum zai duba? Abu na farko shi ne bashin da ya rage bayan an cire kuɗin da ke asusun kamfanin, a gwada shi da ribar aikin shekara kafin a cire kuɗin ruwa da haraji. In bashin ya ninka ribar sau biyu, da sauƙi. In ya ninka sau biyar ko shida a sana'ar da kasuwarta ke hawa da sauka, akwai haɗari. Kuma kada a yi gwajin da ribar shekarar albarka. A ɗauki shekarar da ta fi muni cikin goma da suka wuce, a tambaya ko kamfanin zai iya biyan kuɗin ruwa da irin wannan ribar.

Na biyu shi ne jadawalin wa'adi. Kowane rahoton shekara yana da shafin da ke nuna nawa za a biya bana, nawa baɗi, nawa bayan shekara biyar. Kamfanoni da yawa ba sa biyan uwar bashi daga aljihunsu, sabon bashi suke ci su biya tsohon. Wannan dabara tana tafiya muddin masu ba da rance suna cikin nishaɗi. Ranar da suka tsorata ƙofa takan rufe ga kowa a lokaci guda, kuma ranar takan zo ne daidai lokacin da aka fi buƙatar su. Kamfanin da babban bashinsa zai nuna cikin wata goma sha takwas, ba shi da kuɗin a hannu, rayuwarsa tana hannun wasu.

Na uku shi ne kwangilolin da ke ƙasa. Kamfanonin haƙa suna son tallata jimlar kuɗin ayyukan da aka riga aka sa musu hannu. Sai a tambaya: da wa aka ƙulla, yaushe za su ƙare, kuma mene ne sharaɗin sokewa? A 2014 wani reshen Seadrill mai suna North Atlantic Drilling ya ƙulla yarjejeniyar sama da dala biliyan 4 da kamfanin Rosneft na Rasha. Takunkumin da ƙasashen Yamma suka ƙaƙaba wa Rasha kan rikicin Yukiren, haɗe da faɗuwar farashi, ya sa akasarin wannan ciniki bai tabbata ba. Wanda ya lissafa kuɗin nan a matsayin abin da ya shigo ya yi cinikin biri a sama.

Na huɗu shi ne alƙawuran da ba su bayyana a shafin bashi ba: ragowar kuɗin jiragen da ake ƙerawa, da lamunin da uwar kamfani ta tsaya wa rassanta. Na biyar shi ne sharuɗɗan da banki ya gindaya, irin su kada bashi ya wuce ninki kaza na riba. In aka karya sharaɗi ɗaya banki yana da ikon neman kuɗinsa nan take, sauran masu bin bashi su ma su taso. Idan ka ji kamfani yana roƙon bankuna su sassauta masa sharuɗɗa, ruwa ba ya tsami banza. Akwai kuma wata alama da ba ta buƙatar dogon lissafi, wato farashin takardun lamunin kamfanin a kasuwa. In takardar da za a biya dala 100 a kanta ana sayar da ita 40, masu bin bashin da kansu ba su sa ran a biya su cikakke ba. Wanda ke bayansu a layi, me yake jira?

Na ƙarshe shi ne amanar masu riƙe da kamfanin, kuma a nan misalin yana kusa da gida. Kamfanin Afren, wanda marigayi Dakta Rilwanu Lukman yana cikin waɗanda suka assasa shi, mai rijiyoyi ne, yana kasuwar hannun jari ta Landan, kuma mafi yawan mansa daga filayen Ebok da Okoro na ruwan Nijeriya yake fitowa. Ya ci bashi mai tsada, har da takardun lamuni masu kuɗin ruwa sama da kashi 10 cikin 100, ya kashe sama da dala miliyan 500 a 2011 wajen sayen filaye a yankin Kurdawan Iraƙi. A ƙarshen Yulin 2014, kwanaki kaɗan bayan rasuwar Lukman, aka dakatar da shugaban kamfanin da babban jami'in ayyukansa kan wasu kuɗi da aka biya a ɓoye. A Janairun 2015 aka sanar cewa man da ake taƙama da shi a filin Barda Rash ba ya nan yadda aka zata. Tattaunawar haɗewa da Seplat ta watse, a ƙarshen Yulin 2015 kamfanin ya faɗa hannun masu kula da kamfanonin da suka gaza, masu hannun jari ba su tsira da komai ba. A 2018 wata kotu a Landan ta ɗaure mutanen biyu. Kamfani marar bashi yana iya jure mugun shugaba ko faɗuwar farashi na ɗan lokaci. Mai bashi har wuya ba ya jure ko ɗaya, balle su haɗu.

Wani zai ce ai bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba a gina sana'a mai cin biliyoyi da kuɗin aljihu. Haka ne, ban musa ba. Transocean, wanda shi ma yana ɗauke da bashi mai nauyi, ya ratsa waɗannan shekaru bai je kotun fatara ba, domin yana da dogayen kwangiloli da manyan kamfanoni, kuma ya yi ta tura wa'adin bashinsa gaba tun kafin wuƙa ta kai ƙashi. Duk da haka masu hannun jarinsa sun ɗanɗana kuɗarsu, domin an daina rabon riba, an kuma yi ta buga sababbin hannayen jari da suka rage wa na farko daraja. Haka kuma waɗanda suka sayi Noble ko Valaris bayan an wanke musu bashi a 2021 sun shiga kamfanoni masu jirage iri ɗaya da na da, amma ba nauyi a wuya. Jirgi ɗaya, teku ɗaya, sakamako daban. Abin da ya raba su shi ne yawan bashin, da lokacin biyansa, da kuma matsayin mutum a layi.

Ga mai karatu Musulmi akwai ƙarin abin lura. Malaman da ke tantance hannayen jarin da ya halatta a saya sun sa iyaka ga bashi mai kuɗin ruwa. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta ƙayyade kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa, wasu ma'aunan kuma suna amfani da kashi ɗaya bisa uku. A kasuwarmu ta Legas ma akwai jerin kamfanonin da aka tace bisa irin wannan ƙa'ida. An sa sharaɗin ne don gudun riba, amma wanda ya bi shi da bai kusanci Seadrill ba ko a ranar da tauraronsa ke haskawa. Kuma ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ƙayyade wa'adinsa ta sauka.

Kada wanda bai taɓa sayen hannun jari ba ya ɗauka maganar ba ta shafe shi ba. Bankunan Nijeriya sun zuba kaso mai yawa na rancensu a harkar mai da iskar gas, musamman lokacin da kamfanonin cikin gida ke sayen rijiyoyin da Shell da takwarorinsa suka saki. Da farashi ya faɗi, basussukan da suka maƙale a bankuna suka haura kashi 10 cikin 100 a 2016, alhali iyakar da Babban Banki ya sa kashi 5 ce. Kamfanin haƙa na cikin gida, Seawolf, ya ƙare a hannun hukumar AMCON, wadda aka kafa a 2010 domin sayen ruɓaɓɓun basussukan bankuna. Kuɗin fanshon ma'aikaci ana juya wani sashensa a hannayen jarin bankunan nan, asarar da AMCON ta kasa dawo da ita kuma a ƙarshe kan jama'a take komawa. Ga shi tun bayan dokar man fetur ta 2021 ana maganar wata rana za a sayar wa jama'a hannun jarin NNPC, kuma tun da aka ƙaddamar da aikin Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe a Nuwamban 2022 sha'awar harkar mai ta ƙaru a Arewa. Ranar da aka buɗe irin wannan ciniki za a cika mana kunne da yawan gangunan da ke ƙarƙashin ƙasa. Ina fata a sami masu tambayar nawa aka riga aka ci bashi a kan gangunan, da wa aka jinginar wa, da shekarar da za a gama biya.

Shi kuwa ɗalibin nawa, na ce masa ya sauko da rahoton shekara na kamfanin, ya tsallake hotunan jirage da jawabin shugaba, ya nufi shafukan baya inda aka yi bayanin basussuka da ƙananan haruffa. Ya rubuta lambobi uku a takarda: kuɗin da ke hannu, bashin da zai nuna cikin shekara biyu, da ribar aikin shekarar da ta fi muni. In ya kasa samun su, ko ya samu bai fahimce su ba, ya bar kuɗinsa inda suke har sai ya fahimta. Ban ce masa ya saya ba, ban ce kada ya saya ba, domin kuɗinsa ne kuma shi zai kwana da sakamakon. Bayan kwana uku ya sake rubuto mini cewa ya gano rabin bashin kamfanin zai nuna kafin manyan kwangilolinsa biyu su sami magaji, kuma yanzu yana so ya san yadda ake karanta sharuɗɗan banki. A kan wannan za mu ɗora a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.